Babi na Huɗu: Wakili Ɗaya ko Kwamitin Amintattu?

Akwai wata tambaya da ba ta rasa tasowa duk sa'ad da aka zauna zancen gyaran makaranta, ko a zauren hakimi ne, ko a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, ko a taron tsofaffin ɗalibai, ita ce: in an sami kuɗin gyara, a hannun wa za a sa su? Mu ƙaddara wani ɗan Auyo da Allah ya buɗa masa a fatauci a Kano ya tuna da makarantar da ya fara riƙe alli a cikinta, ya ga yadda ambaliyar 2018 da ta 2022 suka bar azuzuwa da bangaye a tsattsage, ya ware dukiya mai kauri ya ce a gyara gini, a horar da malamai, a jawo 'yan mata aji. Kafin ya rufe baki za a sami dattijon da zai ce, "Alhaji, nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah ka danƙa masa, ka huta." Wani kuma ya karɓe, "A'a, ran mutum ɗaya ba shi da tabbas, a kafa kwamiti." Kowannensu yana da hujja, kowannensu kuma ya taɓa ganin inda irin shawarar ɗan'uwansa ta kai jama'a ta baro.

A babin da ya gabata mun bi sawun kuɗin ilimi tun daga baitulmalin tarayya har ƙofar aji, muka ga wuraren da suke tsiyaya a hanya. Abin da ya rage, wanda kuwa shi ne mafi wuya, shi ne sanin hannun da ya cancanci riƙe su, domin dukiya ba ta gyara makaranta da kanta, kamar yadda garma ba ta yin huɗa in babu mai riƙe da ita. Za mu ɗora ra'ayoyin nan biyu bisa mizani, mu auna kowanne da abin da ya riga ya auku, sa'an nan mu koma wa Alhajinmu da amsa.

Abin da mutum ɗaya yake iyawa

Duk wanda ya taɓa tsallaka kogin Haɗejiya a watan Satumba, lokacin da ruwa ya cika ya batse, kachala kuma ta toshe hanyoyin da aka saba bi, ya san cewa kwalekwale, komai yawan mutanen da suka haɗa kuɗi suka saye shi, in ya kai tsakiyar ruwa matuƙi ɗaya ne ke juya shi, ranar da fasinjoji suka shiga gardama a kan inda za a bi kuwa, ranar ce gari ke kwana da makoki. Haka sha'anin gyaran ilimi yake ta wata fuska, domin akwai hukunce-hukuncen da ba su jiran taro. Iska ta yaye rufin aji da daddare, ko malamin lissafi ya daina zuwa, ko jinga ta ɓalle ana saura mako biyu jarrabawa. Wakili ɗaya yana iya yanke magana da safe a ga aikinta kafin azahar, in kuwa ya yi kuskure, kowa ya san ƙofar gidan da za a je a yi sallama.

Makarantar boko ta gwamnati a Kano ma da mutum ɗaya ta fara. A 1909 gwamnatin Turawa ta danƙa wa Hanns Vischer, wanda aka raɗa wa suna Ɗan Hausa saboda ƙwarewarsa a harshen, aikin kafa makaranta a Nassarawa, bayan ta aike shi Masar da Sudan ya ga yadda ake yi a can. Shi ya zaɓi malamai, shi ya tsara darussa, shi ya tsaya a kan a yi koyarwa da Hausa, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausar boko a 1912, cikin 'yan shekaru kaɗan sai ga 'ya'yan sarakuna da malamai da masu koyon sana'a suna zuwa daga larduna dabam-dabam. Da an ce sai wata majalisa ta zauna a kan kowace ɗaya daga waɗannan mas'aloli, a zamanin da takarda ke kwanaki a hanya tsakanin hedkwatar gwamnati a Zungeru da Kano, da an daɗe ba a aza tubali ba.

Inda mutum ɗaya yake gazawa

Amma fa ɗan Adam mai ajali ne, aikin da aka rataya a wuyansa shi kaɗai kuwa yana raba ajalin nan da shi. Ƙasar Haɗejiya ta shahara da gwanaye da alarammomi, mutanenta kuma sun sha ganin tsangayar da ta cika maƙil da almajirai, ana jin sautin karatunta tun asuba, amma ranar da aka kai alaramma makwancinsa, in bai bar magajin da ya kai shi ba, kafin damina ta zagayo kowane gardi ya naɗe buzunsa ya yi gaba. Shi ma Ɗan Hausa, da yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914, bai daɗe ba ya bar ƙasar ya shiga aikin soja, makarantar Nassarawa kuwa ba ta ɗore a yadda ya tsara ta ba, aka rarraba aikin ga makarantun larduna. Abin lura a nan shi ne, mutumin nan da ya yi suna da aikin kaɗaici, daga 1923 sai ya zama sakataren wani kwamiti a Landan mai ba da shawara kan ilimi a ƙasashen Afirka, ya kuma riƙe wannan kujera har 1939.

Bayan ajali akwai son zuciya, wanda ya fi ajali ɓarna domin shi a ɓoye yake aikinsa. Mutumin kirki, in aka bar shi da kuɗin jama'a shekara da shekaru babu mai tambayarsa, sannu a hankali yakan daina bambance aljihun dama da na hagu, ya ba surukinsa kwangilar kujeru yana ganin taimako ya yi, ya kai sabon aji unguwarsu yana ganin can ne aka fi bukata. Ko da ya tsira daga wannan, ba zai tsira daga kuskuren ra'ayi ba, ga shi kuwa babu wanda ke da ikon ce masa a dakata.

Nana Asma'u 'yar Shehu ta gane illar rataya aiki a wuyan mutum ɗaya tun da wuri. Ko da yake ita ce tushen aikin ilmantar da matan karkara, ba ta riƙe shi a tafin hannunta ba. Ta naɗa jajoji, dattijan mata da take ɗora wa malfa da jan rawani alamar izini, kowace tana jagorantar matan garinsu, suna zuwa su ɗauki karatu su koma su bayar. Da ta rasu a 1864 ƙanwarta Maryam ta ɗora daga inda ta tsaya, 'Yan Taru kuma, wato matan nan da jajojin ke jagoranta, suka ci gaba zuriya bayan zuriya, saboda ta bar tsari wanda ba ya bukatar ganin fuskarta kafin ya motsa.

Fa'idar kwamiti da aibinsa

Hausawa suna cewa shawara ɗaukar ɗaki, babbar fa'idar kwamiti ke nan. Amintattu ba su mutuwa rana ɗaya, kuma yana da wuya mutum bakwai su haɗu a kan ha'inci ɗaya ba tare da ɗayansu ya fasa ƙwai ba. Kwamiti yana kuma iya zama garkuwa ga aiki. A 1977, lokacin da Auyo take cikin tsohuwar Jihar Kano, gwamnati ta ga jihar ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, sai ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta kuma ɗora su a hannun wata hukuma ta musamman mai sakataren zartarwa, dabam da sauran makarantun da ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi. Hukumar ta zaɓi ɗalibai da jarrabawa, ta nemo malamai, ta tsare kuɗinta, daga baya aka ƙara wasu makarantun har da ta Kafin Hausa, maƙwabciyar Auyo. Gwamnoni sun zo sun wuce, na soja da na farar hula, amma makarantun suka ci gaba da yaye ɗalibai waɗanda yau suke cike da asibitoci da jami'o'in Kano da Jigawa.

Aibin kwamiti kuwa kowa ya san shi. Na farko jinkiri, domin kafin a aika takardar gayyata, a sami adadin da taro ke halatta da shi, a karanta bayanin zaman da ya wuce, a kafa ƙaramin kwamiti ya je ya dubo rufin da ya yaye, damina ta riga ta ci bangon. Na biyu ɓacewar alhaki, domin in aiki ya lalace kowane mamba zai ce shi dai ra'ayinsa bai yi rinjaye ba, a rasa wanda za a kama. Na uku, wanda ya fi yawa a zamaninmu, shi ne mayar da kujera lada ga wanda ya yi hidimar siyasa, har kuɗin zama ya fi abin da aka zauna dominsa muhimmanci.

Kwamiti yana kuma iya zama maƙabartar gyara. A 1895 aka kafa majalisar gudanarwa a Azhar ta Masar, Shehu Muhammad Abduh yana cikinta, ta daidaita albashin malamai, ta tsara jarrabawa, ta shigar da lissafi da labarin ƙasa. Amma da shehunnan da ba su son canji suka haɗa kai, mai mulkin Masar na lokacin kuma ya juya masa baya, sai majalisar ta zama wurin da kowace shawara ke shiga ba ta fita, har ya ajiye kujerarsa a 1905, ya rasu a cikin shekarar. A nan gida kuwa mun ga yadda aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka mayar da albashin malamai hannun ƙananan hukumomi inda ya riƙa maƙalewa watanni, sa'an nan aka sake kafa ta a 1993. Hukumar da alƙalamin mutum ɗaya ya kafa, alƙalamin mutum ɗaya kuma yake iya sharewa, ba ta fi mutum ɗaya tsawon rai ba.

Yadda magabata suka yi

In muka duba tarihin Musulunci za mu ga ba su ɗauki mas'alar a matsayin zaɓi tsakanin abu biyu masu kore juna ba. Bayan yaƙin Yamama, da aka ji tsoron ƙarewar mahaddata, Sayyidina Abubakar ya ɗora wa mutum ɗaya, Zaidu ɗan Sabitu, aikin tattara Alƙur'ani wuri guda, amma Zaidu bai dogara da haddarsa kaɗai ba, sai da shaidu suka tabbatar da abin da aka kawo masa a rubuce. A zamanin Sayyidina Usman kuwa, da bukata ta zama ta haɗa al'umma a kan mushafi ɗaya, sai aka haɗa Zaidu da mutum uku daga Ƙuraishawa, aka kuma ba su ƙa'idar warware saɓani tun kafin saɓanin ya zo, wato su bi harshen Ƙuraishawa. Sayyidina Umar ma, da ya bar al'amarin halifanci ga mutum shida, ya yanka musu wa'adin kwana uku, ya kuma bayyana ɓangaren da za a bi in ƙuri'a ta yi kunnen doki. Ke nan inda suka naɗa mutum ɗaya sun ɗaure shi da shaida, inda suka naɗa jama'a sun ɗaure su da wa'adi da ƙa'ida.

Fiƙihun waƙafi, wanda malamanmu na Malikiyya suke kira hubusi, a kan wannan turba ya ginu. Mai waƙafi shi ke faɗin sharaɗinsa, a rubuta. Naziri shi ke gudanar da dukiyar yau da gobe, yana da haƙƙin ladan aikinsa. Alƙali kuwa yana sama da shi, yana iya neman hisabi, yana iya tsige shi in ha'inci ya tabbata, amma ba ya zuwa ya karɓi kuɗin hayar shaguna da hannunsa.

Wani misali daga Amurka

A 1867, shekara biyu bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka, wani attajiri mai suna George Peabody ya ba da dala miliyan 1 don farfaɗo da ilimi a jihohin kudu da yaƙi ya ragargaza, ya ƙara wata miliyan 1 a 1869. Ya danƙa dukiyar ga amintattu 16, manyan mutane, har da Janar Grant wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya. Su kuwa da suka ga ba za su iya yawo ƙauye-ƙauye ba, sai suka ɗauki wakili ɗaya, Barnas Sears, wanda ya ajiye shugabancin wata jami'a ya koma kudun da zama. Amintattu suna tsare uwar kuɗi, suna haɗuwa shekara-shekara su saurari rahoto, shi kuwa yana zagaya garuruwa, ya kuma sa ƙa'idar cewa ba a taimaka wa gari sai ya yarda ya fitar da kaso mafi yawa daga aljihunsa. Da ya rasu a 1880 aiki bai tsaya ba, aka naɗa J. L. M. Curry a 1881 ya riƙe har 1903, asusun kuma ya rayu har 1914.

Sai dai a cikin wannan nasara akwai tabo da ya kamata mu yi tsokaci a kansa. Wakilin ya goyi bayan raba makarantun baƙaƙe da na farare, ya kuma yanka wa makarantun baƙaƙe kashi biyu cikin uku na abin da ake ba na farare, amintattu kuwa ba su hana ba, domin babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu. Wakili da kwamiti suna iya haɗuwa a kan zalunci in wanda za a zalunta ba shi da kujera a ɗakin.

Darasin ƙofar ruwa

Mutumin Auyo ba ya bukatar zuwa Amurka kafin ya fahimci wannan. Ga aikin noman rani na kwarin Haɗejiya nan a ƙofar gidansa, wanda aka yi bikin buɗe shi bayan gyara a watan Janairu na 2023. Manoman shinkafa da alkama da ke shan ruwa daga magudana ɗaya suna da ƙungiya, a can ake yarjejeniya kan ranar da kowane yanki zai sha, da abin da kowa zai biya, da ranar da za a fita gayyar yashe magudana. Amma in lokacin buɗe ƙofar ruwa ya yi, mutum ɗaya ne ke zuwa ya murɗa ta. Da an bar kowa ya buɗe sa'ad da ya ga dama, da na ƙarshen magudana bai ga ɗigo ba, da kuma an bar mai buɗewa ya tsara ranaku shi kaɗai, da gonarsa da ta abokansa sun fi kowace kore.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ma, bisa takarda, ta yi irin wannan rabo. Akwai hukuma a tarayya wadda ake ware wa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha kuma ba ta karɓar tallafin gine-gine sai ta ajiye daidai da shi, akwai hukuma a Dutse, akwai sakataren ilimi a kowace ƙaramar hukuma. A makaranta kuwa akwai hedimasta da kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda shirin ESSPIN da Ingila ta tallafa tun 2008 ya yi ƙoƙarin rayawa a jihohi shida har da Jigawa. Ƙashin bayan yana nan. Ciwon dai shi ne iyaka takan ɓace, ka ga ɗan kwamiti yana neman kwangila, ko ka ga hedimasta shi ne ya zaɓo 'yan kwamitin da za su bincike shi.

Amsar da za mu ba Alhaji

Saboda haka abin da za mu ce wa Alhaji shi ne, dattijan nan biyu kowanne ya riƙe rabin gaskiya, sai ya haɗa su. Ya fara rubuta manufarsa filla-filla a gaban shaidu, ya yi wa amintattu rajista a hukumar rajistar kamfanoni, domin dukiyar ta zama da sunan amanar, kada wata rana magada su sa ta cikin rabon gado. Amintattun su zama kaɗan, biyar ko bakwai, wa'adinsu kada ya ƙare lokaci ɗaya, kada kuma a sa musu kuɗin zama mai jawo kwaɗayi. A cikinsu a sami malami, da wanda ya san lissafin kuɗi, da uwa wadda 'yarta ke aji a halin yanzu, da mutumin ƙauyukan da ruwa ke yankewa da damina, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikinsu huɗu ne kawai: tsare uwar kuɗi, naɗa wakili, sauraron hisabinsa sau biyu a shekara, bayan kaka da kuma gabanin damina, da sauke shi in ya gaza. Ba su karɓar kwangila, ba su aiko da 'yar takarda a ɗauki wane aiki.

Wakili kuwa ya zama ɗaya, mazaunin ƙasar, wanda ba ɗan'uwan kowa ba ne daga cikin amintattu, a biya shi albashin da zai ishe shi, a yanka masa wa'adi, a faɗa masa iyakar abin da zai iya kashewa ba tare da ya nemi izini ba, sa'an nan a sakar masa mara ya yi aiki. A kuma wajabta masa horar da mataimaki tun ranar farko, kamar yadda Nana Asma'u ta yi, domin ranar da babu shi kada almajirai su watse.

Dukkan wannan gini a kan abu ɗaya ya dogara, wato hisabi, hisabin da ba a fahimta kuwa daidai yake da babu. A babi na gaba za mu ɗauki littafin kuɗin makaranta mu buɗe shi shafi-shafi, mu nuna yadda uban da bai yi boko ba zai iya gane ko buhun siminti 100 da aka rubuta sun shiga bango ko sun bi wata hanya.